Takwarar Hajiya Mai Tangaran

A unguwar Kwaciri da ke Fagge akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Sunan kakarta aka sa mata, wato mahaifiyar babanta. Saboda haka ba mai faɗin sunan nan a gidan. Yo ina Umma za ta buɗe baki ta kira sunan surukarta? Kakar, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta fara ce mata Takwara. Shi ke nan, suna ya bi ta har makaranta.

Kama kuwa ba a magana. Wushiryar Hajiya ce a bakinta. Dogon wuyan ma na Hajiya ne, har tafiyarsu iri ɗaya.

Akwai kuma zafin zuciya. Abu kaɗan Takwara za ta hau sama. In ta jefar da kwano, sai 'yan gida su yi dariya.

"Ku ƙyale ta," in ji Baba. "Gado ta yi. An ce haka Hajiya take tana yarinya."

Maganar nan ta yi wa Takwara daɗi ƙwarai. Ta riƙe ta gam. Duk abin da ta ɓata, amsarta ɗaya ce: "Gado na yi."

Babbar ƙawarta ita ce Kaosarat, 'yar Malam Jimoh mai gyaran agogo a Sabon Gari. Bencinsu ɗaya, kuma tare suke cin abin tara. Kaosarat ba ta gani da nisa, kamar babanta. Shi yana sa tabarau, ita ma tana sawa.

Ranar wata Alhamis, Takwara ta zana taswirar Najeriya. Ta yi kyau sosai, har Malama Sarah ta ce za a manna ta a bango. Da aka fita tara, Kaosarat ta buɗe gorar zoɓonta. Gorar ta kuɓuce daga hannunta. Zoɓo ya malale a kan taswirar, ya yi mata ja-wur.

"Wayyo, yi haƙuri! Ban..."

Ko rufe baki ba ta yi ba. Takwara ta hankaɗe ta da ƙarfi. Kaosarat ta faɗi, tabarau ya yi tsalle ya bugi siminti. Gilashi ɗaya ya tarwatse.

Malama Sarah ta shigo da gudu. Ta ɗaga Kaosarat, ta karkaɗe mata riga.

"Me ya sa kika ture ta?" ta tambayi Takwara.

"Malama, ba laifina ba ne. Gado na yi."

"Gadon me?"

"Zuciya. Irin ta kakata ce."

Malama ta ɗauki fasasshen tabaran ta nuna mata. "Ita ma Kaosarat gadon raunin ido ta yi daga babanta. Kin ga ta zauna ta ce gado ne? Ai tabarau ta sa, take karatunta. Ke me kika yi wa taki zuciyar?"

Takwara ta turo baki.

Kaosarat ta share hawaye, ta tattara littattafanta.

"Ina za ki?" in ji Takwara.

"Bencin su Tracy. Tun da kin ce gado ne, gobe ma za ki sake. Ni na daina ƙawancen."

Wannan magana ta soki Takwara. Ranar ita kaɗai ta ci abin tara, kuma ko daɗinsa ba ta ji ba. Washegari ma haka. Tana kallon Kaosarat tana ƙanƙance ido, tana neman rubutun allo ba ta gani. Sai ta ji kunya ta kama ta.

Labari ya kai gida, don Malama ta kira Umma a waya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hajiya ta saurara har ƙarshe.

"Takwara," ta ce, "wato ni ce na fasa tabaran?"

"A'a, Hajiya. Amma ai an ce..."

"Ki shirya. Gobe Asabar za ki raka ni kasuwa."

Hajiya tangaran take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari: farantai, kofuna da kwanukan miya. Suka ratsa cunkoson mahaɗar Bata suka isa rumfa. Takwara ta taya ta jera kaya, ta goge kowane faranti har yana ƙyalli.

Kai, kasuwa sai mai haƙuri! Wata mata ta sa aka sauko da kaya kala-kala, ta taya, ta kushe, ta tafi ba ta sayi ko cokali ba. Hajiya ta ce, "Allah ya kawo ki wani lokaci." Takwara ta buɗe baki tana kallonta.

Can wajen azahar sai ga Modu, wani dattijo mai tura baro, ya ɗauko buhunan shinkafa. Hanya ta matse. Ƙafar baro ta faɗa rami, buhu ya zame ya daki teburin Hajiya. Tartsatsatsa! Farantai suka zube suka farfashe.

Takwara ta ja da baya. "Yau Modu ya shiga uku," ta ce a ranta.

Idon Hajiya ya yi ja. Hancinta yana buɗewa yana rufewa. Amma ba ta ce uffan ba. Ta koma kan kujerarta ta zauna. Ta nemi tsarin Allah daga shaiɗan. Ta ɗauki ruwa ta sha a hankali, ta shafa saura a fuska. Sannan ta ɗago kai.

"Modu, ba ka ji ciwo ba dai?"

"A'a, Hajiya. Wallahi tsautsayi ne. Ki yafe mini."

"Na ga ramin. Ɗauko tsintsiya mu share, kada wani ya taka. In an tashi kasuwa ma yi magana."

Da Modu ya tafi, Takwara ta matso. "Hajiya, ashe ke ba kya jin haushi?"

"Kawo hannunki."

Ta kama hannun Takwara ta ɗora a kan nata. Hannun Hajiya ya yi zafi, kuma rawa yake yi.

"Kin ji? Zuciyar tana nan, ba inda ta je. Ita kika gada, ba ƙarya. Amma ture mutum ba a jini yake ba, Takwara. Wannan ke kika zaɓa."

"To ya zan yi in ta taso?"

"Abin da kika ga na yi. In kina tsaye, zauna. Ki sha ruwa. Kada bakinki ko hannunki su motsa sai ta kwanta. Ni ma koya na yi. Kina da wushiryata, me zai hana ki ɗauki wannan?"

Ranar Litinin Takwara ta je bencin su Tracy.

"Kaosarat, laifina ne, ba na kakata ba. Ki yafe mini. Bari in riƙa karanta miki allo kafin a gyara tabaran."

Kaosarat ta ɗan matsa mata wuri. Takwara tana karantawa, ita tana rubutawa. Amma hira babu, dariya babu.

Ranar Laraba Takwara ta gama sabuwar taswira, ta shimfiɗa ta a ƙasa don fenti ya bushe. Kaosarat ta taho ba tabarau. Ba ta gan ta ba. Ta taka ta, ta bar mata sawun takalmi a tsakiya.

Aji ya yi tsit. Kaosarat ta kare fuskarta da hannu.

Takwara ta ji wuta ta taso mata har wuya. Sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas! Ta jawo gorarta ta sha ruwa, ta sake sha. Wani ɗan ajinsu, Elvis, ya fara dariya, Malama Sarah ta harare shi ya yi gum.

Can Takwara ta ɗago. "Ba komai," ta ce. "Ba ki gani ba ne. Kuma ni na jawo."

Kaosarat ta sauke hannu. "Ina gadon ya tafi?"

"Yana nan. Taɓa hannuna ki ji."

Kaosarat ta taɓa, ta ji yana rawa. Ba ta sake shi ba. Ta ja ta ta miƙe tsaye, suka koma tsohon bencinsu tare. Da aka fita tara, ita ta fara miƙa wa Takwara gorar zoɓo.

Yara, muna gadon kama, muna gadon wani hali daga iyaye da kakanni. Wannan ba mu muka zaɓa ba. Amma abin da za mu yi da shi, a hannunmu yake.