Gemun Suruki

Ranar Laraba ce, an wayi gari da yayyafi. Kafinta ya dawo gida da rana don ya ci abinci, ya tarar ko wuta ba a kunna a kicin ba. Matarsa Auta tana durƙushe a ƙaramin ɗaki gaban mahaifinta, da reza a hannu, tana hawaye. Ga jini a haɓar tsohon.

Wata uku ke nan da ɓarin jikin tsohon ya shanye aka kawo shi gidansu, don yayyen Auta maza biyu kowa ya ce gidansa ba wuri. Shekara arba'in ya yi yana yi wa mutane aski, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Aski yake ce masa. Yau ga shi gemunsa ya fi ƙarfinsa.

"Na sake yankarsa," in ji Auta.

"To, ki bar masa gemun mana."

"Ya ce shi ba bunsuru ba ne."

Tsohon ya juyo da ido ya ga surukinsa a bakin ƙofa. Bakinsa ya karkace, amma zagi bai taɓa maƙale masa ba. Ya ce, "Mai ƙura, fita."

Sunan da ya raɗa masa ke nan tun ranar da ya zo neman Auta da garin katako a kansa. Shekara biyu yana hana auren. Ranar da aka ɗaura shi a coci, can baya ya zauna, ya ƙi ba shi hannu. Da ciwo ya kawo shi gidan, Kafinta ya ƙera masa kujera mai hannu da majingina. Har yau bai zauna a kai ba. Tawul ake ratayawa.

Kafinta ya ja matarsa zuwa falo.

"Ranar Lahadi a kai shi wajen yayanki. In ba haka ba, ni zan koma shago da kwana."

"Haba Maigida, ubana ne fa."

"Ni kuma mijinki ne. Ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi asibiti, a gidana kuma a ce mini fita. Dubi yadda kika rame. Rabon da ki yi dariya a gidan nan har na manta."

"Sori. Godiya kake so ya yi maka?"

"Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma ba zai yi ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita bai ci komai ba.

Washegari mahaifiyarsa ta biyo ta shago don ta fake wa ruwa. Ya ba ta benci, ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, yana jiran ta ce ya yi daidai. Ita kuwa sai kakkaɓe lemarta take yi.

"Ka tuna kakarka, uwar babanka?"

"Na tuna, Mama."

"Shekara huɗu ina yi mata wanka. Har ta mutu ɓarauniya take ce mini, wai na sace mata zane."

"To, me ya sa kika ci gaba?"

"In na bari, wa zai yi? Kai kuma ga ka nan da gemu kana kukan ba a ce maka sannu ba. Kowace Lahadi kana gaba a coci, muryarka ta fi ta kowa. Ba a gaya maka Yesu ya wanke ƙafar wanda zai bashe shi ba? Ya san abin da mutumin zai yi, amma bai tsallake shi ba."

"Ni ba Yesu ba ne, Mama."

"Wannan kam na sani, ni na haife ka. Ba ni ruwa in sha."

Kwana biyu yana aiki ransa a ɓace. Ya yanka katako ba daidai ba har sau biyu. A gida kuwa Auta ta fara ninke kayan mahaifinta tana sawa a jaka. 

Ranar Asabar da safe ya dafa ruwa, ya ɗauki sabulu da reza, ya cire tawul daga kan kujerar, ya shiga ɗakin.

"Fita."

"In na gama zan fita, Baba."

Ya ɗaga shi ya zaunar a kujerar, ya shafa masa kumfa. Ya ɗora reza a ƙasan haɓa zai ja sama, sai tsohon ya cafke masa wuyan hannu da hannunsa mai lafiya.

"Jaki. Bi kwanciyar gashi."

Kafinta ya tsaya. Ai haka ake kankare katako. In ka bi kwanciyarsa ya yi sumul, in ka saɓa ya tsage. Ya juya hannunsa ya bi a hankali. Tsohon yana ta gyara masa, "Ja fata. Ɗauraye rezar. Ba gatari ba ne." Aka gama ba ɗigon jini. Ya riƙe masa madubi. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna gefen kunne.

"Ka bar nan."

Ko sannu bai ce ba. Kafinta ya gyara wurin. Zai fita, tsohon ya nuna jakar da aka haɗa. Auta da ke bakin ƙofa ta shigo ta buɗe, ya sa ta ciro wani ƙunshin fata. Askarsa ce ta aiki, ta dakushe.

"Reza ta yara ce. Mai ƙura, ka wasa wannan."

Auta ta toshe baki. A falo ta ce, "Ko yayyena bai taɓa bari sun taɓa askar nan ba."

"Amma dai har yanzu ni jaki ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta farko cikin wata uku. Kafinta ya ce ta kwance jakar.

Tsohon bai canza hali ba, kuma bai taɓa yin godiya ba. Ƙaunar da ke jiran a ce mata sannu ba ta daɗewa a ɗakin jinya. Wadda Almasihu ya koya mana ba ta duba ko mutum ya cancanta. Buƙatarsa take dubawa, ta yi aikin, gobe ta dawo.

Ranar Lahadi da sassafe Kafinta ya ɗauko dutsen da yake wasa kayan aikinsa, ya wasa askar, ya ɗora ruwa a wuta, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙaramin ɗaki.