Ɗigon Tsakiyar Wata

Ana gab da kiran magariba Tela ta shiga banɗaki da buta, ta fito ba ta yi alwalar ba. Ɗigo ɗaya ta gani, bai kai maɓallin riga girma ba, launinsa ma ba ja sosai ba. Amma ta san shi. Wata da watanni ke nan yana zuwa mata haka a tsakiyar wata, alhali ba ta daɗe da yin wankan tsarki ba.

Shekarun aurenta sun ja, haihuwa shiru. Ita ke ɗinka wa jariran unguwa riguna, ta kwashe 'yan ƙyallayen da suka rage ta adana, ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba. Haihuwar nan take so kamar ranta zai fita. Duk sanda ɗigon ya zo sai ta ce a zuciyarta al'ada ce ta sake dawowa, wannan watan ma ya tafi a banza. Sai ta naɗe sallaya ta ɗora a kan kabad. Maigidan, mai gyaran wutar lantarki, da ya shigo ya ga sallaya a sama ya san zancen. Ba ya tambaya, ita ma ba ta faɗa. Sai ya ce ɗakin da zafi, ya ɗauki matashi ya koma falo har a yi kwanaki. Ka ga mutane biyu masu kunya sun haɗu a gida ɗaya, kowa yana ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Ran nan tana ɗora sallayar, dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan.

Ta tsaya, hannunta a sama. Wani ya biyo, sai wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ta leƙa tsakar gida, babu kowa sai igiyar shanya tana lilo, iska kuwa ba ta kaɗawa. Daga nan ta ji keken ɗinkinta yana tafiya. A ƙaramin ɗaki yake, ɗakin da suka ware tun farkon aure suka ce na yara ne, ta saka keken a ciki kafin yaran su zo. Ta tura ƙofa. Mataki na hawa da sauka shi kaɗai, allura na huda iska, kujera babu kowa.

Da Maigidan ya dawo ya ji labari, sai ya ɗauko abin gwajin wuta ya bi soket ɗaya bayan ɗaya.

"Maigida, keken nan na ƙafa ne," in ji ta.

"Na sani," ya ce, bai kuma fasa gwajin ba.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Da rana gidan lafiya lau, rana na sunkuyawa sai jifa. Tela ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta ɗora tukunya ta manta, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke. Tana so ta yi salla ko ta sami natsuwa, amma a ganinta ba ta da tsarki. Wani lokacin takan ji wata murya ta mace a bayan kunnenta, mai sanyi kamar ta maƙwabciya mai ba da shawara, tana cewa, "Bar shi, 'yar'uwa, wannan watan ma ya wuce."

Gwaggon Maigidan ta zo ziyara da yamma, dutse ya faɗo kusa da takalminta. Ba ta ƙarasa shan ruwan da aka kawo mata ba ta fita, ta dawo da wani malami, dattijo marar hayaniya, wanda ya cire takalmi ya zauna a ƙofar ƙaramin ɗakin kamar an nuna masa. Ya sa Tela ta zauna, Gwaggo ta riƙe mata kafaɗa, ya fara karatu. Hasken rana yana janyewa daga tsakar gida.

Tela ta ji jikinta yana nauyi tun daga ƙafa. Ta ji kamar an zura ta cikin rijiya, tana hango ɗakin daga can ƙasa. Tana jin komai, amma bakinta ya zama na wata.

"Ya isa haka, Malam, kana ƙona ni," in ji bakin.

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin nan. Na riga su zama a ciki."

"Me baiwar Allahn nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba, ina ma son ta. Jariri ne ba na so. Yana zuwa za a fitar da keke, a cika ɗakin da kuka da addu'a, ni kuma in nufi ina?"

"Shi ya sa kike sako mata jini?"

Can ƙasan rijiyar Tela tana saurare. Kunya ta kama ta, ga mijinta ga Gwaggo suna ji. Amma so take aljanar ta ce e. In jinin na aljana ne, Malam zai kore shi tare da ita, shi ke nan.

Bakin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ni? Tarar da shi na yi. Ɗigo ne yake zuwa mata don kansa. Ita ke naɗe sallaya, shi kuma ya kwashi matashi ya gudu falo, a daidai kwanakin da ya kamata su kasance tare. Ni nawa jifa ne da 'yar magana a kunne, don kada su zauna su yi shawara. Sauran aikin su suke yi mini."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta dube shi duban da tun yana yaro rabonsa da shi.

"To yau za ki fita," in ji Malam.

"A bar mini ɗakin, in daina jifa."

"A'a."

"To bayan ƙofa kawai. Ba ni da kaya."

"A'a."

"To kwanakin tsakiyar watan nan, su kaɗai. Ai ba amfani suke yi da su ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Tela ya ɗauki rawa, Gwaggo ta ƙanƙame ta. Bakin ya roƙa, ya yi zagi, ya yi rantsuwa ba zai dawo ba. Sai Tela ta yi atishawa mai ƙarfi. A ƙaramin ɗakin matakin keke ya motsa sau ɗaya ya tsaya, labulen ƙofar waje ya ɗaga ya koma.

Da ta dawo hayyacinta, Malam ya juya mata gefe don kada ta ji nauyi, ya tambaye ta a hankali yaushe ta yi wanka, yaushe ɗigon ya zo. Ta amsa da kai a ƙasa.

"'Yata, wannan ba al'ada ba ce," ya ce. "Bai hana salla, bai raba ki da mijinki. Da kin tambaya, da tuni an gaya miki. Mai jifa ta tafi. Abin da ke kawo jinin kuwa ba aikina ba ne, ku je wurin likita a duba. Ba zan ce miki za ki haihu ba, wannan na Allah ne."

Tela ta yi kuka ranar, kukan takaici. Ba aljanar take tunawa ba, watannin da ta zubar da hannunta take tunawa. Suka je asibiti, aka ɗebi jini aka yi hoto, likita ta ce ba ta ga abin tsoro ba tukuna, su dawo a ci gaba da bibiya.

Wata ya zagayo. Wata yamma ta shiga banɗaki, ga shi nan, ɗigo ɗaya. Ta fito ta tsaya a tsakar gida tana sauraron kwano. Ta daɗe a tsaye, babu abin da ya faɗo. Ashe aljanar gaskiya ta faɗa, jinin nata ne, ba wanda zai kore mata shi da karatu. Ta koma ta yi alwala, ta yi magariba.

Da Maigidan ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana karantar fuskarta. Bai taɓa jin maganar nan daga bakinta ba sai ranar da wata ta ari bakin. Tela ta dube shi.

"Maigida, jinin ya zo," ta ce. "Na kuma yi sallata. Ka shigo."