Kwanoni Shida a Kife

Ranar Talata da safe Madam Lubabatu ta buɗe firigon sanyaya magani na gidan likitan wani ƙauye gefen Guci, ta tarar kwanoninta shida na gilas babu kome ciki. Ta samu kujera ta zauna. A nan jandarma Faruku ya iske ta, da ya iso daga Dungas bisa moto.

"Me ke ciki, Madam?"

"Wani abu ne kamar kunun da ya kwana. A jami'a muka haɗa shi, ya yi kama da tsokar mutum, muka dasa ƙwayoyin jiki a kai. Mabiyiyar haihuwa tana fitar da wasu 'yan ƙunshi, ido ba ya ganinsu. Su muke zubawa, mu ga yadda ƙwayoyin ke karɓarsu, ko a gane abin da ke kawo jijjigar masu ciki."

"Ana samun wani?"

"Aikin shekara biyu ne. Mace guda ta yarda ta ba mu mabiyiyarta, Rahma. Ta rasu."

Faruku ya duba firigon. Allurar rigakafi na nan, ba a taɓa ba. Kwanonin kuwa an wanke su tas, an kife a jere.

Ba a fasa ƙofa ba, sai ya bi masu riƙe da mabuɗi. Ya fara da Laminu mai tsaron gidan.

"Ni da ko kofina ba na wankewa, mushe jandarma? Tambayi matata."

Ya tambaye ta. Ta ce gaskiya ya faɗa. Majo, shugaban gidan likitar, yana Magarya tun Lahadi. Saura mabuɗi ɗaya, na ɗakin haihuwa, wanda ke hannun ungozoma.

Faruku ya zagaya bayan ɗakin a hankali. Gindin katanga ƙasa na da danshi, an ɗora tsingaro a kai. Ya aika a kira ungozoma Tamu.

"Inna, ɓarawo ba ya wanke kwano. In ma ya wanke, ba ya kifewa. Kuma nan kike binne mabiyiya, ko?"

"Shekara talatin, ɗana."

"Wa ya haihu jiya?"

"Ba kowa."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

"Rahma 'yata ce. Jiya na ji Madam na faɗi a waya, wai na Rahma na nan da rai cikin sanyi. Ta kowa na binne a garin nan. Sai tata za ta kwana cikin kwano?"

Madam Lubabatu ta ce a hankali, "Inna, ita ta dangwala hannu ta yarda."

"Na sani. Ba ta tambaye ni ba."

Faruku ya ciro takarda. "Madam, a tona?"

"Rana ta riga ta kashe su."

"Za ki shigar da ƙara?"

Madam Lubabatu ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta duƙa, ta gyara tsingaron da ya karkace.

Faruku ya mai da takardarsa aljihu.