Na Zaɓi Wani

A layin ofishin mai ba ɗalibai shawara suka fara haɗuwa, ita tana mitar zafi, shi yana yi mata fifita da littafinsa kamar an sa shi. Dukansu 'yan shekarar farko ne, kuma karatun injiniya kowannensu yake hari. Tun ranar ya laƙaba mata Injiniyata, ita kuma take ce masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishin.

Sun gama tsara komai. A shekara ta biyu kwas ɗaya za su ɗauka, benci ɗaya, in Allah ya yarda gida ɗaya.

Ana cikin hutu mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Injiniya ta rage kira. Shugaban ajinsu, wani mai shegen turare, shi ke kai ta asibiti a motarsa, abin yana cin Dogo yana haɗiyewa.

Ranar da za a rufe zaɓen kwas saƙonta ya shigo:

"Dogo, ka yi haƙuri. Na yi tunani sosai, na zaɓi wani. Don Allah kada ka ce in janye."

Bai tambaye ta wane ne wanin ba. Mai kishi ai ba ya tambaya, a ganinsa ya riga ya san amsa. Ya rubuta, "Allah ya ba ku zaman lafiya," ya kashe wayar. Zango guda yana zama shi kaɗai, ya rame, ya faɗi jarabawa. Da bai gan ta a aji ba, sai ya ɗauka guje masa take yi.

Mahaifinta mai walda ne, shi ya tare shi a ƙofar makaranta, ransa a ɓace.

"Kai ne Dogon? Duk layinmu na gaya musu 'yata injiniya ce, ka hure mata kunne ta koma karatun gashin ƙashi! Kada in sake jin sunanka a gidana."

Sai a nan Dogo ya gane. Ashe wani kwas take nufi.

A asibiti ya same ta tana miƙar da yatsun mahaifiyarta ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniyata..."

"Babu ita yanzu." Ko kallonsa ba ta yi ba. "Na gane yadda ka fassara saƙona, shi ya sa ban gyara ba. Ina nan ina juya Mama a gado, kai kana can kana kishi."

"Na yi wauta. Ki yafe mini."

"Na so karatun nan kamar raina, Dogo. Ranar da na bar shi ba ni da wanda zan yi wa kuka."

Washegari ya zana ƙarafan da mara lafiya ke dafawa ya koyi tafiya, ya kai shagon waldar mahaifinta. Tsohon ya kore shi. Ya dawo, aka sake korarsa. A ƙarshe tsohon ya karɓi zanen ya duba, ya ce, "Riƙe mini nan," ya kunna wuta.

Ƙarafan sun yi kyau, amma Mama ba ta taɓa taka ƙafarta ba. Duk abin da 'yar ta koyo a aji ta gwada shi a jikinta har ta gama karatu, yatsa ko ɗaya bai motsa ba.

Ranar da aka ɗaura aurensu suka durƙusa a bakin gadonta. Mama ta sa hannun hagu ta ɗago na daman da ya mutu, ta ɗora a kan 'yarta, sannan ta ja shi zuwa kan Dogo.

"Al... Allah..."

Nan maganar ta maƙale. Ta yi ta ƙoƙari, hawaye na bin kuncinta. Mai walda ya juya baya ya share ido da hularsa, ya ƙarasa mata.

"Ya yi muku albarka, take cewa. Ku ce amin."