Gurasar da Goggo Ta Ƙi Karɓa

Dikin, dattijon coci kuma kafinta, yana falo yana shan shayin yamma, ƙurar katako ba ta gama barin girarsa ba, sai Auta ta shigo ta durƙusa gefen kujerarsa. Kowa a gidan ya san wannan durƙuson. Idan autar Dikin ta durƙusa ba a kira ta ba, akwai abin da take so, kuma takan samu, don tun rasuwar mahaifiyarta tsohon bai iya ce mata a'a ba.

Ta ce akwai wani saurayi, mai gyaran wuta. Shi ne ya zo gyaran lasifikokin coci kwanaki, ya tarar tana koya wa mawaƙa sabuwar waƙa, ya yi ta kwance waya ɗaya yana sake ɗaurawa har aka tashi. Tun ranar bai fasa zuwa sujada ba. Yanzu yana so a yi masa baftisma ya zama ɗan ikilisiya, sannan ya turo manyansa. Dikin ya ji daɗi har ya yi murmushi, ya tambaye ta ɗan wane ne. Da ta faɗa, sai ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Ɗan Direba?" ya ce. "Direban da na sani?"

Wannan Direba ne ya yi wa Goggo, ƙanwar Dikin uwa ɗaya uba ɗaya, alkawarin aure tun kafin a haifi Auta. Ranar ɗaurin auren, coci ya cika maƙil, amarya tana tsaye cikin farin kaya, ashe ango ya tayar da motarsa tun da sassafe ya bar gari da wata. Mahaifiyarsu ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar coci, ba ta ƙara takawa da ƙafafunta ba har ta rasu. Dikin, wanda a lokacin saurayin kafinta ne, shi ya haɗa gadon amarya da hannunsa. Ya kwance gadon ya rataye shi a rufin shagonsa, kullum da safe sai ya ɗaga kai ya dube shi don kada ya manta. Ita Goggo ta yi wani auren, ta haihu, ta yi jikoki, ta yi ƙiba tana dariyarta. Yayanta ne ya riƙe fushin, yana kula da shi kamar mai kiwon akuya.

To, a cocin Baftis ba a zama ɗan ikilisiya don kawai an saba zama a benci. Mai son shiga sai ya zauna gaban dikinoni ya ba da shaidar bangaskiyarsa, su ziyarci gidansa, sannan a taron ikilisiya shugabansu ya miƙe ya ce sun yarda da shi, jama'a su ɗaga hannu. Sai an yi haka ake baftisma, kuma sai da baftisma Fasto yake ɗaura wa mutum aure. Shugaban dikinoni kuwa ba wani ba ne, Dikin ne.

Don haka bai yi faɗa ba. Ya ce wa Auta yaron ya zo, ta tashi da murna har tana tuntuɓe da kofin shayi. Shi kuwa a ransa ya riga ya gama aunawa ya yanke. Zai bar ɗan Direba ya bi kowane mataki, ya sa rai, ya gayyato abokansa. Ranar taro kuma, gaban jama'a, a cocin da aka bar Goggo a tsaye, zai miƙe ya ce bai yarda da shi ba.

Ranar ba da shaida ya yi wa yaron tambayoyin da ko Fasto sai ya sosa ƙeya. Abin da yaron ya sani ya amsa, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Dikin ya mayar da shi ajin masu neman baftisma, yaron ya gama, ya sake mayar da shi. Ya sa shi ɗaukar bencuna da sharar harabar coci, yaron ya yi, har ya gyara fankar ofishin dikinoni ba wanda ya sa shi. Auta ta gaji ta tambayi mahaifinta ko wannan intabiyu ne ko kotu. Ya ce mata aikin Ubangiji ba a yin sa da gaggawa, ya faɗa da fuskar salihai.

Sai ziyarar gida ta zo, abin da Dikin ya fi ɗoki, don ya daɗe yana haddace maganganun da zai zuba wa Direba. Ya tarar da ɗaki ɗaya, ƙanƙane amma tsaf. Direba yana kwance a katifa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, matar da ya gudu da ita ta daɗe da barin sa. Ɗansa yana durƙushe yana yi masa aski, yana share masa miyau da tawul. Direba ya gane baƙon. Ya yi ta ƙoƙarin magana, ba abin da ya fito sai gurnani da hawaye. Da wani ne da ya sauko, amma ban da Dikin. Ya yi gajeriyar addu'a yadda aiki ya buƙata, ya fito zuciyarsa fes, yana cewa a ransa kaɗan ma ya gani.

Ranar Asabar ya je gidan Goggo ya same ta tana guga. Ya zauna ya zayyana mata shirinsa yana jiran godiya. Ta kife dutsen gugar ta dube shi.

"Yaya, wa ya aike ka? Ni aka bari a tsaye, ba kai ba. Na yi kukana na share hawayena tun kana da baƙin gashi. Yaron nan me ya yi maka? Auta fa?"

Ya ce ita mace ce mai saurin mantuwa, shi bai manta yadda ya ɗauki Inna, mahaifiyarsu, daga ƙofar coci ba. Ya tashi ya fita ko ruwa bai sha ba.

Da safen Lahadi ya tarar da Auta a ƙofar ɗakinsa, idanunta sun kumbura, ashe Goggo ta gaya mata komai. Ta ce ta roƙi saurayin kada ya zo, ya ce zai zo. Ya ce ko an ƙi shi zai ci gaba da zama a bencin baya, don ita ce ta kawo shi coci amma yanzu ba don ita kaɗai yake zuwa ba. Dikin ya gyara wuyan rigarsa ya wuce.

Ranar ta Jibin Ubangiji ce, kuma a cocin Baftis dikinoni ne suke ɗaukar faranti su bi benci-benci suna miƙa wa kowa gurasa. Dikin ya yi wannan aikin har ba ya tunanin ƙafafunsa. Ya iso bencin mata, ya miƙa wa Goggo farantin, sai ta haɗa hannuwanta a cinya. Ya ɗauka ba ta gani ba, ya ƙara matso da shi. Ta ɗago ta yi magana ƙasa-ƙasa, shi kaɗai ya ji.

"Wuce, Yaya. Gurasar gafara ce wannan. Ba zan karɓe ta daga hannunka yau ba, na san abin da za ka yi da shi nan da anjima."

Matar da ke kusa da ita ta waigo. Dikin ya tsaya da farantin, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shekaru yana cewa don ƙanwarsa yake riƙe da wannan fushi, ga ƙanwar ta ƙi cin abin da ya taɓa. Ya ƙarasa rabon da ƙyar. Da ya koma gaba Fasto ya miƙa masa tasa gurasar, ya riƙe ta a tafin hannu ya kasa kai ta baki.

Bayan sujada aka zauna taro. Fasto ya kira saurayin ya tsaya gaban jama'a, farar rigarsa ta sha guga, sannan ya nemi jin ta bakin shugaban dikinoni. Dikin ya miƙe. Ya dubi inda yaron yake tsaye, daidai wurin da Goggo ta tsaya a wancan lokacin, ya ga Auta ta sunkuyar da kai cikin mawaƙa.

"Na gwada yaron nan fiye da yadda doka ta ce, kuma ba don Allah na yi ba," ya ce. "Ban same shi da laifi ba. Na je gidansu na ga yadda yake riƙe da mahaifinsa. Mun yarda da shi."

Hannun Goggo ne ya fara tashi, sauran suka biyo. Auta ta ɗaga nata biyu tana kuka, Fasto ya ce ɗaya ya isa.

Ranar baftisma Dikin ne ya tsaya bakin ruwa da tawul, shi ya kama hannun yaron ya fito da shi. Washegari ya sa tsani ya sauko da gadon nan don ya gyara wa amarya, sai ya tarar gara ta cinye shi, ƙafa ɗaya ma a hannunsa ta ruguje. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya sayo sabon katako ya fara daga farko.

Haƙurin yaran nan bai tafi a banza ba, an ɗaura aurensu a cocin, Direba yana gaba a keken guragu, Dikin ne ma ya turo shi. Wanda aka ba amanar ƙofar gidan Allah, ba a ba shi don ya rama abin da aka yi masa ba, kuma ɗa ba ya biyan laifin uba. A Jibin Ubangiji na gaba Goggo ta miƙa hannu tun farantin bai iso benci ba.