Ƙarfen da Lawwali Ya Kafa a Bakin Rijiya

Da la'asar sakaliya Lawwali ya gama kwance kayan da ya sayo a Maraɗi: garmaho, da akwatin ƙara murya mai aiki da batirin mota, da lasifika biyu masu baki kamar kakaki. Ya bar tuƙin babbar mota ne don ya riƙa kai su gidajen biki a Jibiya. Matarsa Uwa tana tuƙa tuwo, 'yarsu Khadijatu tana tankaɗe a gefenta.

Ya ja waya daga garmaho zuwa akwatin, ya raba wata gida biyu, kowace lasifika da tata, don su faɗi abu ɗaya. Da ya kunna, sai gurnani ya danne waƙar. Wanda ya sayar masa ya ce in haka ta faru, a haɗa waya da ƙasa mai laima. Sai ya ɗauki guntun rodi, ya je bakin tsohuwar rijiyar da aka cike a bayan ɗaki, ya yi ta bugunsa da guduma har ya nutse, ya ɗaura masa waya. Gurnanin ya ɗauke.

Rana na gab da faɗuwa lasifikar hagu ta yi shiru, ta dama tana ta waƙa. Can sai numfashi ya fara fitowa daga ta hagun, a hankali, sannan kukan jariri. Lawwali ya fizge wayar batir. Waƙa ta tsaya. Kukan bai tsaya ba.

Dutse na farko ya fasa tukunyar tuwo. Na biyu ya tsaga wa Uwa goshi. Babu kowa a kan katanga, daga sama suke zubowa. Khadijatu ta saki rariya ta miƙe, idanunta sun juye. Ta sunkuci batirin nan da sai da ƙarti biyu suka shigo da shi, ta maka wa ubanta. Ya kare da hannu, ƙashin ya karye. Maƙwabta suka shigo, ta yi jifa da ɗaya, ta ciji wani har ta ɓalle masa tsoka, da ƙyar suka ɗaure ta da igiyar shanu.

Washegari aka ɗauko Malam Kalilu daga Daddara, tsoho ne da ya daɗe yana wannan aiki. Ya zauna kusa da kan Khadijatu yana karatu. Jikinta ya riƙa dukan ƙasa har jini ya ɓalle mata ta hanci. Sannan bakinta ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Ni kake ƙonawa, amma jikinta ne ke fashewa."

Malam ya tsagaita. Ya tambaye ta laifin yarinyar. Ta ce a rijiyar nan take tun ba a kafa garin ba, ƙarfen da aka buga ya tsire cinyar jikanta, har yanzu yana soke a ƙasa. Jini take so a madadin jini.

"Yarinya ba ta buga komai ba," in ji Malam. "Hannun da ya kafa shi ne zai cire. In kin ƙi, ba zan tashi daga nan ba."

Daga baya ta yarda, amma Lawwali shi kaɗai zai cire, ba haƙa, ba mataimaki, kuma a bar mata bayan ɗakin har abada.

Lawwali ya durƙusa, hannu ɗaya a ɗaure da karan ɗori. Ya kama rodin, zafinsa kamar an ciro shi daga maƙera. Ya ja, fatar tafinsa ta saluɓe. Ya sa haƙori ya haɗa, har na gaba ya ɓare. Da ƙarfen ya fito, tsininsa jiƙe yake da baƙin jini.

Khadijatu ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Da aka kwance ta, ta dubi igiyar, ta dubi ubanta da ke jan ƙafa yana nufo ta.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Uwa ta buɗe baki za ta yi magana. Lawwali ya girgiza mata kai, ya tofar da jini.

"Faɗuwa na yi," ya ce. "Ku ba ta ruwa."