Siton da Ke Mayar da Magana

Duk da dariyar 'yan ajinsu, ɗalibar ta rantse sai ta naɗo amsa-kuwwar tsohon siton nan a na'urarta. Bayan magariba ta faɗa ciki ko sallama babu, ta tafa hannu da ƙarfi. Bango ya amsa, rufin kwano ya ɗauka.

"'Yar nan, a bokon naku ba a koyar da gaisuwa?" in ji wata tsohuwa daga lungu. "Da ƙyar na samu jikana ya yi barci."

Kunya ta lulluɓe ta, ta durƙusa har ƙasa. "Ki yafe mini, Kaka."

"Kaka… Kaka…" siton ya maimaita.

"Matso kusa, ban ji ki ba."

Har ta fara matsawa, sai ta lura: duk maganar tsohuwar, bango bai mayar da ko kalma ɗaya ba.